Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Lissafin Kuɗin Taro Da Jadawalin Kwamfuta

Da zarar an kawar da amfanin gona, ruwa kuma ya janye daga fadamun Gulbin Zamfara, sai lokacin tarurruka ya kama a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum. A cikin waɗannan watanni ne akan yi musabaƙar karatun Alƙur'ani, da walimar saukar karatu a makarantun Islamiyya, da taron shekara na ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban gari, da kuma ƙaddamar da gidauniyar gina aji ko masallaci ko ɗakin shan magani. Kowane taro yana da kwamitinsa, kuma galibi malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma da ɗalibai ake ɗora wa wannan nauyi, domin su ake gani sun san alƙalami.

Ranar taro kowa yakan ga rumfuna da kujeru da manyan baƙi, ya ji jawabai, ya koma gida yana yabo. Abin da jama'a ba su cika gani ba shi ne wanda ke biyo baya, watau lokacin da mai rumfa da mai dafa abinci da direban mota za su shiga sintiri a ƙofar gidan ma'ajin kwamiti suna neman cikon kuɗinsu. A nan ne ma'aikaci yakan biya bashin jama'a daga albashinsa, ko kuwa a yi ta nuna shi da baki ana cewa ya ci amana, alhali ko kwabo bai taɓa ba. Sau da yawa laifin na lissafi ne, kuma giɓin da ya bayyana bayan taro yana nan tun ranar da aka rubuta kasafin, sai dai ba wanda ya gan shi. Amfanin jadawalin lissafi na kwamfuta shi ne ya nuna wa kwamiti wannan giɓi tun kafin a buga katin gayyata.

Mene Ne Jadawalin Lissafi?

Duk wanda ya san gidan dara ya san siffarsa. Shafi ne da aka tsaga gida-gida, layukan tsaye suna da haruffa, na kwance suna da lambobi, saboda haka kowane gida yana da sunansa, kamar B2 ko C7. A wani gida akan rubuta suna, a wani a rubuta adadi, a wani kuma a rubuta ƙa'ida. Alal misali, idan gidan B2 yana ɗauke da yawan mutane, C2 kuma da kuɗin abincin mutum ɗaya, sai a rubuta =B2*C2 a gidan D2, kwamfuta ta fitar da jimla. Idan aka canza yawan mutanen, jimlar za ta canza da kanta, haka kuma duk wani gida da ya dogara da ita, har zuwa ƙarshen shafi.

Tsaga takarda layi-layi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin tun zamanin En'e ma'aji a Baitulmali yana da littafinsa na kuɗin shiga da na fita. Bambancin shi ne, a littafin ma'aji idan adadi ɗaya ya canza sai a koma a sake tarawa da hannu tun daga sama. Wannan wahala ce ta haifar da jadawalin kwamfuta. Wani ɗalibi a Makarantar Koyon Kasuwanci ta Harvard a Amurka, Dan Bricklin, ya ga yadda ake shan wahalar gogewa da sake lissafi duk lokacin da lamba ɗaya ta canza, sai shi da abokinsa Bob Frankston suka ƙirƙiro VisiCalc, wanda ya fito a 1979 a kan kwamfutar Apple II. Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, Excel na kamfanin Microsoft a 1985, sannan Google Sheets a 2006. Akwai kuma LibreOffice Calc wanda ake samu kyauta. A yau ɗalibin da ke da wayar hannu ta zamani yana iya buɗe irin wannan jadawali a tafin hannunsa, ko da bai mallaki kwamfuta ba.

Shafuka Huɗu

Kasafin taro mai kyau yana buƙatar shafuka huɗu. Na farko shafin zato ne, inda za a rubuta duk adadin da ba a tabbatar ba tukuna: yawan mahalarta, yawan kwanaki, kuɗin lita ɗaya ta man fetur, kuɗin abincin mutum ɗaya, da kashi nawa cikin ɗari na alkawuran gudummawa ake sa ran za a cika. Kowane adadi a rubuta shi sau ɗaya tak a wannan shafi, sauran shafuka su riƙa ɗauko shi daga nan. Na biyu shafin kashewa, na uku shafin kuɗin shiga, na huɗu kuma shafin lokaci, wanda zai nuna mako-mako abin da zai shigo da abin da zai fita.

A shafin kashewa wajibi ne a raba kuɗi kashi biyu. Akwai kuɗin da ba ya motsi ko mutum goma suka zo ko dubu, kamar hayar lasifika da kyaututtuka. Akwai kuma wanda ke bin yawan kawuna, kamar abinci da kuɗin mota. Kwamitin da ya cakuɗa waɗannan biyu ba zai taɓa sanin abin da ƙarin mutum ɗaya zai jawo masa ba.

Misali Da Musabaƙa

Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta dace da yin misali, domin ba ƙaramar hukumar da ba ta san ta ba. Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta jami'ar da ke Sakkwato, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ita ta fara shirya ta ƙasa baki ɗaya a 1986, kuma Gusau ta karɓi baƙuncin karo na 37 a watan Disamba 2022. Kafin mai karatu ya kai matakin ƙasa sai ya bi ta ƙaramar hukumarsa, sannan jiha. Ke nan tushen abin yana hannun ƙananan kwamitoci irin na Anka da Gummi da Bukkuyum.

Alƙaluman da ke tafe na misali ne kawai, kowane kwamiti sai ya sa farashin kasuwar garinsa. A ƙaddara za a yi musabaƙa ta kwana 3, da 'yan takara 120, da alƙalai da ma'aikata 30, watau bakin ci 150. Idan abincin mutum ɗaya a rana Naira 2,500 ne, abinci zai ci Naira 1,125,000. Idan za a ba kowane ɗan takara Naira 4,000 kuɗin mota, an sami Naira 480,000. Kuɗin da ke bin kawuna ya kama Naira 1,605,000 ke nan.

Kuɗin da ba ya motsi kuwa, a ce rumfuna da kujeru Naira 300,000, hayar lasifika da janareta Naira 150,000, man fetur lita 120 a kan Naira 1,000 kowace lita Naira 120,000, alawus na alƙalai Naira 300,000, kyaututtuka Naira 800,000, buga takardu Naira 100,000, tsaro Naira 200,000. Jimla Naira 1,970,000. Idan aka haɗa kashi biyun an sami Naira 3,575,000. Sai a ƙara kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana, watau Naira 357,500, kasafin ya tsaya a kan Naira 3,932,500.

A shafin kuɗin shiga, a ce ƙaramar hukuma za ta ba da Naira 1,500,000, makarantu sun tara Naira 300,000, masu hannu da shuni kuma sun yi alkawarin Naira 2,500,000. Jimla Naira 4,300,000. A takarda akwai rarar Naira 367,500, kuma a nan ne yawancin kwamitoci ke rufe littafi su shafa fatiha.

Mai jadawali kuwa yanzu ya fara aiki. Sai ya koma shafin zato ya tambaya: in kashi 60 cikin ɗari kawai na alkawuran aka cika fa? Da ya canza wannan gida ɗaya, kuɗin shiga zai sauka zuwa Naira 3,300,000, rara ta koma giɓin Naira 632,500. Wannan ya ɗara albashin wata tara na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙanƙantar albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024. In ya ci gaba da gwadawa zai gano cewa sai an cika kimanin kashi 85 cikin ɗari na alkawuran kafin kasafin ya tashi babu riba babu faɗuwa. Wannan adadi shi ya kamata shugaban kwamiti ya riƙe a ka fiye da kowane.

Sai ya mayar da alkawuran yadda suke, ya taɓa yawan bakin ci. Kowa ya san ɗan takara ba ya zuwa shi kaɗai, akwai malaminsa da 'yan rakiya, kuma ba a korar baƙo daga akushi. Kowane ƙarin mutum ɗaya Naira 7,500 ne a kwana uku. Idan bakin ci ya tashi daga 150 zuwa 200, kasafin zai koma Naira 4,345,000, ke nan ko da kowane mai alkawari ya cika har kwabon ƙarshe, da sauran giɓin Naira 45,000. Idan kuwa abubuwan biyu suka haɗu, mutane suka ƙaru, alkawura suka ragu zuwa kashi 60, giɓin zai kai Naira 1,045,000.

Duk wannan gwaji bai fi na minti biyar ba, kuma yana ba kwamiti zaɓi tun da sauran lokaci. Yana iya rage kwanaki daga uku zuwa biyu, ko ya ƙayyade yawan 'yan rakiya ya sanar da makarantu, ko ya rage kyaututtuka, ko ya nemi wani ya ɗauki nauyin abinci kai tsaye da buhunan shinkafa maimakon kuɗi.

Alkawari Da Kuɗi A Hannu

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a koya musu bambancin alkawari da kuɗi a hannu, domin sun gan shi a al'amarin da ya fi kowane taro nauyi. A watan Maris 2010 ƙungiyar likitocin nan ta ƙasa da ƙasa, MSF, ta gano cewa gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ita ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma. Yara kimanin 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta tsaya jiran kuɗi. A watan Mayu 2012 an yi taro a Abuja inda aka nemi a saki Naira miliyan 850 da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari, amma ba a saki kuɗin aikin ba sai a ƙarshen Janairu 2013. Likitoci kuwa ba su iya fara yi wa yaran garin magani ba, domin maganin ba ya amfani muddin yaro zai koma wasa a kan ƙasa mai guba.

Daga cikin waɗanda suka matsa lamba akwai wasu matasa, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, waɗanda suka kafa shirin bin diddigin kuɗi da ake kira Follow The Money. Tambayoyinsu masu sauƙi ne: nawa aka yi alkawari, nawa aka saki, wace ma'aikata ta karɓa, me aka yi da shi? Waɗannan tambayoyi huɗu su ne ya kamata su zama layukan tsaye a shafin kuɗin shiga na kowane kwamiti: sunan mai alkawari, abin da ya faɗa, abin da ya bayar, da ranar da ya bayar. Abin da aka faɗa a lasifika a gaban jama'a yana da gidansa, abin da ya shiga asusu yana da nasa, kuma a kan na biyun kaɗai ake ƙulla ciniki da mai rumfa. Haɗa su wuri ɗaya shi ne lissafin dokin Rano.

Yaushe Kuɗin Zai Zo?

Taro yana iya samun isasshen kuɗi a jimlace amma ya tsaya cik saboda kuɗin bai zo a kan kari ba. Wannan ne aikin shafi na huɗu. A misalin da ya gabata, mako biyu kafin musabaƙa dole a sayi kyaututtuka, a buga takardu, a ba mai rumfa da mai abinci rabin kuɗinsu kafin alƙalami. Jimlar waɗannan Naira 1,612,500 ce. Idan a lokacin ƙaramar hukuma rabi kawai ta bayar, domin ita ma tana jiran kasonta na wata daga asusun tarayya, abin da ke hannu Naira 1,050,000 ne har da na makarantu. Akwai ƙarancin Naira 562,500 a wannan mako, masu alkawari kuwa galibi sai ranar rufe taro suke bayyana. Kwamitin da ya ga haka tun da wuri zai aika wa mutum biyu ko uku daga cikinsu ya roƙi su ba da nasu kafin lokaci, maimakon ma'aji ya ci bashi da sunansa.

Har ila yau yana da kyau a ware abin da za a biya da tsabar kuɗi da wanda za a tura ta banki. A farkon 2023, lokacin canjin takardun Naira, mutane sun kwana da kuɗi a asusu amma ba su da abin sayen itace da tattasai a kasuwa. Jihar Zamfara tana cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli a kan lamarin, kotun kuma ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Mai sayar da itace a ƙauye har gobe kuɗi a hannu ya fi ganewa.

Farashi Da Halin Yanki

Kasafin da aka rubuta wata uku kafin taro yana iya tsufa kafin ranar. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki a jihohin Arewa, a watan Oktoba 2024 kuma ta wuce Naira 1,000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da hauhawar farashi a kan kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba 2024. Saboda haka ne kuɗin lita ya kamata ya zauna a gida ɗaya a shafin zato, a ɗaura masa kuɗin janareta da kuɗin mota, domin ɗan takarar da zai taso daga Gwashi ko Adabka ko Bagega ba zai biya abin da ya biya bara ba.

Akwai kuma abubuwan da suka keɓanci yankin. A farkon Satumba 2021, saboda matsalar tsaro, an katse layukan wayar sadarwa a duk faɗin jihar, an rufe kasuwannin mako-mako, an kuma hana sayar da man fetur a jarka, aka ɗauki makonni ana cikin wannan hali. A watan Agusta 2024 ambaliya ta rusa gidaje masu yawa a garin Gummi. Kwamitin da ke wannan yanki ya kamata ya ƙara layi ɗaya da zai nuna nawa za a yi hasara idan aka ɗage taron: wane kafin alƙalami za a iya dawo da shi, wane ne ya tafi ke nan. Haka kuma jadawalin da ke zaune a intanet kaɗai ba abin dogaro ba ne. A ajiye kwafinsa a cikin waya ko kwamfuta, a kuma buga shi a takarda bayan kowane zama.

Kwamfuta Ba Ta Gyara Kuskuren Mai Ita

Abin da aka zuba wa jadawali shi zai tara. A shirin wasannin Olamfik na Landan na 2012, wani ma'aikaci ya rubuta 20,000 a maimakon 10,000 a matsayin yawan tikitin da ya rage na wasan rawa cikin ruwa, aka sayar da tikiti 10,000 na kujerun da babu su, sai da aka nemi masu su aka musanya musu da na wasu wasanni. Idan haka ta faru ga kwamitin da ke da ƙwararrun akantoci, ƙaramin kwamiti ya fi cancantar yin hattara.

Matakan kariya ba su da wuya. Wanda ya tsara jadawalin ba shi ne zai duba shi ba, a ba wani ya bi shi gida-gida da rasit a hannu. A tara jimla ta hanya biyu, a tsaye da a kwance, a ga ko sun yi daidai. Kada a rubuta adadi da hannu a gidan da ya kamata ƙa'ida ta zauna, domin daga nan gidan ya daina motsi ba tare da kowa ya sani ba. A sa wa gidajen zato launi dabam. Kowane kwafi a rubuta masa kwanan wata, domin kada sakatare ya riƙe na jiya, ma'aji ya riƙe na yau.

Bayan An Naɗe Tabarma

Aikin jadawali ba ya ƙarewa da addu'ar rufe taro. A gefen kowane ƙiyasi a buɗe layi na ainihin abin da aka kashe, da lambar rasit ko bauca, da layi na uku mai nuna bambanci. Ma'aikacin gwamnati ya san cewa kuɗin da aka karɓa daga baitulmali sai an ba da bahasinsa, kuma odita takarda yake tambaya. Shafi ɗaya da aka buga aka liƙa a allon sanarwa na sakatariya ko na makaranta, aka kuma aika wa duk wanda ya ba da gudummawa, ya isa ya rufe bakin masu tsegumi, kuma wanda ya ga inda kuɗinsa ya shiga ba zai yi nauyin hannu ba baɗi.

Riba mafi girma kuwa ta kwamitin gaba ce. Idan aka ajiye jadawalin bana, kwamitin baɗi ba zai yi zato a cikin duhu ba, domin zai ga da idonsa kashi nawa na alkawura aka cika da kuma bakin ci nawa suka zo. Bayan shekara uku ko huɗu, ƙaramar hukuma za ta mallaki alƙalumanta na kanta, waɗanda ba za a same su a kowane littafi ba.

A nan ɗaliban yankin da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda, da ta Abdu Gusau a Talata Mafara, da Kwalejin Ilmi ta Maru, suna da gudummawar da za su bayar wadda ba ta kuɗi ba ce. Koyon waɗannan shafuka huɗu bai fi aikin mako guda ba, kuma ɗalibin da ya zauna da dattawan kwamitin garinsu lokacin hutu ya tsara musu su, ya tsare mutuncin wani ma'aji, shi kuma ya sami sana'ar da kowane ofis ke nema. Ya rage ga shugabannin kwamitoci su ƙi sa hannu a kan ranar taro har sai an nuna musu adadi biyu: nawa ke hannu a yau, da kuma kashi nawa na alkawura dole a cika kafin a fita babu bashi.